Motar da Ba Ta Mutuwa Sai a Hannuna

Bari in faɗa tun da fari, kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Ba makaniki ba ne, ko da yake na shafe wata huɗu ina gaya wa duk wanda ya tsaya gaisawa da ni cewa shi ne. Ba ɗiyata ba ce, ba kuma mai sayar da isansi, wato fetur, a kwalba ba. Ni ne. Sai dai amsa laifin da na yi bai sa na huce ba. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da ni.

Motar ƴar bas ce, irin mai ƙofar ja a gefe. Ta gama ƙuruciyarta a ƙasar Turawa, sannan aka sallamo ta Damagaram ta zo ta tsufa tare da ni. Na saye ta shekarar da na ajiye aiki. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa manyan wani biro, wato ofis, yau Yamai, gobe Agadas, ban taɓa taka ko kaza ba. Lakol kuwa, makarantar boko, aji biyar na yi, mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Ilimina duka a cikin permi yake, wato lasin tuƙi. Wanda ya raba ni da tuƙi, abin da zai bari shi ne tsoho a kan tabarma a ƙofar gida, yana amsa sallamar masu wucewa.

Cutar a hankali ta fara. In na tsaya, injin yana ralanti, wato yana juyawa shi kaɗai ban taka masa mai ba, sai in ji yana kakkarwa kamar mai masassara. Allurar da ke nuna juyawar injin ta sauka, ta hau, ta sake sauka. Wani lokaci ya farfaɗo. Wani lokaci kuma ɗif. In murɗa makulli, ta tashi nan take kamar ba ita ba. Sai ta yi kwana biyar lafiya lau, har in fara yabonta a majalisa, ran na shida ta mutu mini sau uku tsakanin gida da kasuwa. Kuma ba ta zaɓar lungu inda babu kowa. A'a. Sai a shatale-tale, sai inda ƴan kabu-kabu suka yi cincirindo a bayana suna danna ham.

"Baba, in barci za ka yi, ka koma gida mana!"

Wani mai jar hula ne ya faɗa mini haka. Ni da na tuƙa manyan ƙasa tun uwarsa ba ta san inda za a kai ta aure ba.

Makanikina a unguwar Zango yake, ƙarƙashin wani dogon yaro. Bakano ne, ya kai shekara hamsin, ya biyo motocin ƴan kasuwa ya zo, ya ga tuwonmu ya fi nasu, ya ƙi komawa. Tsakanina da shi akwai wasa irin na Badamagare da Bakano. Ni in ce buji, shi ya ce filogi, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne bai iya magana ba. Ranar da na fara kai masa ita, na zare makullin motar daga cikin sauran makullaina kamar yadda na saba, na miƙa masa. Ba a ba wa baƙo makullan gida, balle Bakano. Na zauna a benci, aka kawo mini shayi. Ya buɗe gaban motar, ya kasa kunne, ya kwance buji huɗu, ya nuna mini kansu baƙi ƙirin.

"Ga cutarka nan, Baba. Waɗannan tun Bature ne."

Ya sa sababbi, ya zaga da ita har bayan gari ya dawo, ya ce lafiyarta ƙalau. Na mayar da makullina cikin ƴan'uwansa, na tashe ta, na yi masa godiya. Ban kai ƙofar gida ba ta mutu.

Zuwa na biyu ya ce isansi ne. Ya zuƙo kaɗan a kwalba, ya ɗaga wa rana, ya nuna mini wani abu a ƙasa da ya ce ruwa ne. Ni ban ga komai ba, amma na gyaɗa kai, don kada a ce idona. Ya canja filta, ya sauke tanki ya wanke. Daga nan na zarce wurin mutumin da ke sayar mini da isansi a bakin titinmu, wanda muke sallar asuba a sahu ɗaya shekara da shekaru, na kira shi mai haɗa mai da ruwan randa, a gaban jama'a. Bai ce mini komai ba, ya dube ni kawai. Na koma shan mai a gidan mai, ina bin layi kamar ma'aikaci. Kwana huɗu ta yi, ta mutu a bakin gidan man kansa, tanki cike.

Zuwa na uku ne ya yi aikin da zan yaba masa, ko da yake a lokacin ban yaba ba. Ya bar injin yana juyawa, ya ɗauki wani guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan yana bin jikin injin da shi kamar likita a ƙirjin majinyaci. Can ya tsaya. Ya zaro wata siririyar roba da ta tsage ta ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa.

"Iska take sha ta nan. Shi ya sa take rawar sanyi in ka tsaya."

Ya sa sabuwa. Wallahi kakkarwar ta ragu ƙwarai, allura ta zauna wuri ɗaya. Na ce to, an gama. Mako guda cur ina yawo da ita ina ɗaga wa mutane hannu. Ran na takwas na taka wani ɗan rami a gaban masallacin unguwarmu, ta mutu.

Na mayar masa da ita, na ce kada ya dawo mini da ita sai ya ga mutuwarta da idonsa. Kwana uku tana hannunsa. Ya je Mirya da ita, ya kai iyalinsa biki, ya ɗebo buhunan gawayi, ya bar ta tana ralanti tun daga azahar har la'asar. Ko tari ba ta yi ba. Da ya kawo ta, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Baba, ni dai a hannuna ba ta mutu ba."

"To ƙarya nake yi?"

"Ban ce ba."

"Me ka ce?"

"Na ce a hannuna ba ta mutu ba."

Wannan magana ita ce ta bi gari. Ban san wa ya ɗauke ta daga Zango ya kai ta majalisarmu ba, amma kafin mako ya zagayo, tsofaffin da ko keke ba su iya ba suna tambayata ko na duba ƙafata.

Sai ranar da abin ya wuce wasa. Mun je gaisuwar mutuwa cikin Birni, ni da Hajiya, matata. Muna dawowa, a wata gangara tsakanin duwatsu, tayar gaba ta faɗa rami, injin ya ɗauke. Wanda ya san mota ya san abin da ke biyo baya: bolan, wato sitiyari, ya yi tauri kamar an ɗaure shi, birki ya zama dutse. Na taka da dukan ƙarfina. Ta ci gaba da gangarawa a hankali, a hankali, har ta je ta tunkuɗe kurar wani mai ga-ruwa. Allah ya sa mutumin ya yi tsalle gefe. Jarkokinsa suka tarwatse, ruwa ya bi lungu. Hajiya ta bugi gilashi da goshi, nan take wurin ya tashi kamar ƙwan zabo. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, salati kawai take yi. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da yamma ɗiyata ta fari ta zo. Aikin likita take yi, kuma tun da ba na kiran sunanta, Likita nake ce mata. Ta duba goshin uwarta, ta shafa magani. Sannan ta jawo kujera ta zauna a gabana, ta ce in miƙo hannu. Na miƙa, ina zaton gaisawa za mu yi. Sai ta ce in buɗe yatsu in riƙe su a iska.

"Me kike nema?"

"Ina duba ko suna rawa, Baba."

Ta ɗaura mini abin awon tansiyo, wato hawan jini, ta haska mini fitila a ido, ta ce in karanta kalandar da ke bango. Na karanta mata har da sunan wanda ya buga ta. Duk da haka ba ta sake fuska ba.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Motar nan ta yi kwana uku wurin makaniki, ba ta mutu ba. Ran Lahadi ka ba maigidana ita ya kai mu gona, ba ta mutu ba. Kai kaɗai take mutuwa a hannunka. Ƙafarka ce ke sakin ambireyaj ba ka sani ba. Ba abin kunya ba ne, shekaru ne."

Na ce mata tun kafin a haife ta nake taka ambireyaj, wanda Bakano ke ce wa kuloci. Ta ce ai shi ya sa. Na ce motar tawa ce. Ta ce goshin kuma na uwarta ne. Daga nan ta yanke hukunci, da murya mai laushi irin wadda suke gaya wa mutum za a yanke masa ƙafa. Juma'a mai zuwa akwai suna a garin Guna, an yi wa ƙanena jika, kuma ni ne kullum nake kwasar dangi in kai su. Ta ce in har kafin ranar ba a gano cutar a jikin motar ba, aka nuna mata ita da ido, to maigidanta ne zai tuƙa, ni in zauna a baya tare da mata da kwanukan abinci. Permina kuma a sa shi cikin akwati tare da takardun haihuwa.

A baya! Ni!

Na yi ta faɗa har ta tafi. Amma tun da na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka. Washegari bayan sallar asuba, na shiga zaure na rufe ƙofa, na zauna a kujera, na ɗaga ƙafar hagu na riƙe ta a sama ina kallonta. Ina so in ga ko za ta yi rawa. Ta yi kuwa, kaɗan. Ban san ko tsufa ne ko tsoro ba. Na sauke ta, na sake ɗagawa. Na fi rabin awa ina wannan sakarci, sai da Hajiya ta ƙwanƙwasa ta ce koko zai huce.

Tsoron nan ne na juya shi ya zama fushi, na ɗauka na kai Zango. Na tarar da Bakano ya shige ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ban yi sallama ba. Na ce ya fito. Na ce wata huɗu yana wasa da hankalina, ya canja wannan ya canja wancan kamar mai duba a rairayi. Na ce wanda ya koya masa aiki ya cuci Damagaram. Na ce saboda maganarsa ta banza ana shirin zaunar da ni a gida kamar tsohuwar randa. Masu jiran gyara suka juyo suna kallonmu, mai shayi ya tsaya da buta a hannu. Na zare makullin daga zobe, na jefa masa a ƙasa.

Ya fito, ya goge hannu, ya ɗauki makullin. Na ga ransa ya ɓaci, don wannan ya wuce wasan Bakano da Badamagare. Sai ya miƙo mini shi.

"Riƙe abinka, Baba. Yau kai za ka tuƙa, ni in zauna a gefe."

"Jarrabawar permi za ka yi mini?"

"Ka ce a hannunka take mutuwa. To ina so in ga hannun."

Sau biyu a baya ya taɓa neman haka, na ƙi. Ban ga dalilin da yaron da na girme wa da shekara ashirin zai zauna yana kallon ƙafata ba. Amma yau saura kwana biyar Juma'a. Na mayar da makullin cikin zobe, na shiga, na tashe ta.

Muka ɗauki hanyar Dogo. Ina jin idonsa a kan ƙafafuna, ni kuwa ina sa giya kamar ranar da na tuƙa gwamna. Motar kuma, don ta ƙara tozarta ni, sai gudu take sumul. Muka yi nisa, ya ce in sauka daga kwalta in bi wata hanyar jar ƙasa mai kwazazzabai. Ba mu yi tafiyar kirki ba muka taka wani tudu. Ɗif.

"Alhamdu lillahi!" na ce. Ban taɓa murnar mutuwar mota ba sai ranar. "Ka gani? Ka ga ƙafata ta motsa?"

Gaban motar yake kallo, inda allurai suke.

"Baba, kullum in ta mutu, jajayen fitilun nan ba sa kamawa?"

"Ba sa kamawa. Komai ɗaukewa yake, har rediyo."

"Har rediyo?"

"Har rediyo."

"Wata huɗu ba ka taɓa gaya mini ba!"

"Ka tambaye ni?"

Ya ce in da mai ne ya yanke, ko injin ne ya shaƙe, fitilun za su kama, rediyo ya ci gaba da surutunsa. Tun da komai ke ɗaukewa, wuta ce ake yankewa daga tushe. Ya ce in tashe ta. Na tashe ta, tana ralanti lafiya. Sai na ga ya sunkuyar da kai yana kallon wajen gwiwata ta dama. Ya miƙo yatsa ɗaya, ya ɗan taɓa damin makullaina da ke rataye a kontak, wurin da ake murɗa makullin mota. Damin ya yi lilo, ya tafi, ya dawo. Ɗif.

"Sake tashinta."

Na tashe ta. Ya taɓa. Ɗif.

Karo na uku ya tallabe damin a tafin hannunsa kamar mai riƙe ɗan tsako, ya ce in ja mu tafi. Na bi ta kan tudun nan, na faɗa ramuka biyu da gangan, motar tana ta tsalle, ba ta mutu ba. Ya janye hannunsa. Ko taku goma ba mu ƙara ba, ɗif.

Ya zare damin gaba ɗaya, ya auna shi a hannu, ya dube ni.

"Baba, wannan makullai ne ko guduma?"

To, a nan dole in yi bayani, don kada a ɗauke ni mahaukaci. Mahaifina ɗan kasuwar Zango ne, jikan masu tafiya da ayari, kuma ban taɓa ganinsa ba tare da makullai a ɗamararsa ba. A gidanmu, maigida shi ne mai makulli. Da ya rasu na gaji zobensa, na ƙara nawa a kai. Akwai na ƙofar gida, na zaure, na ɗakina, na sito inda hatsi yake, na akwatin ƙarfe. Akwai na rumfarsa ta kasuwa, wadda aka rushe tun ina saurayi. Akwai wani dogon baƙi na ƙirar maƙera, wanda shi kansa bai san ƙofarsa ba, amma ya ce na kakansa ne. Akwai na biron da na bari, an canja ƙofofin tuni. Ban da hantsaki na cire ƙaya, da ƴar wuƙa, da abin yanke farce, da layu biyu ɗinkin fata. Duk wannan yana rataye a wuyan ɗan makullin mota guda ɗaya, shekara tara, yana lilo a kowane rami na garin nan.

Bakano ya ce nauyin ya cinye cikin kontak ɗin, ya yi sako-sako. In damin ya yi lilo, sai ya ja makullin baya kaɗan, wuta ta yanke. Da can da injin ke kakkarwa saboda tsagaggiyar robar nan, kakkarwar ce ke kaɗa shi ko mota na tsaye, shi ya sa take mutuwa a shatale-tale. Da ya gyara robar, sai ya rage ramuka. Shi kuwa, da surukina, kullum makulli ɗaya tilo nake zare musu.

"Da ka taɓa ba ni damin nan ko sau ɗaya, da tun ranar farko mun gama."

"In ba Bakano makullin sitona?"

"Ai ga shi ka ba ni wata huɗu na zagi a madadinsa."

Ban ba shi haƙuri a nan ba, sai da muka koma Zango, a gaban mutanen da na zage shi a gabansu. Na yi shi a taƙaice. Mai isansi ma na je na same shi, nasa ya fi wuya, don har yanzu bai ce mini komai ba. Bakano ya ce sabon kontak sai an aiko daga Kano, zai ɗau mako biyu. Kafin nan, da ma bayan nan, makulli ɗaya kawai.

Na kira Likita, na zaunar da ita a kujerar gefe, na yi mata wasan gaba ɗaya: in taɓa, ta mutu, in tallabe, ta rayu. Na yi sau huɗu, don ta ƙoshi. Na ce to, ina ƙafa a nan? Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ta janye maganarta, ni zan tuƙa zuwa Guna. Na kwana ranar kamar sabon ango.

Da a nan labarin ya tsaya, da na fita da sauran mutuncina.

Makulli ɗaya tilo abu ne mara nauyi, mutum ba ya jin sa a aljihu. Ran Talata na neme shi na rasa, sai a cikin takalmi aka same shi. Ran Laraba Hajiya ta tsamo shi daga ruwan wanki. Ran Alhamis na ce wannan wulaƙanci ya isa, na mayar da shi cikin zobe, da niyyar in riƙa zare shi duk lokacin da zan tuƙa. Ran Juma'a da safe, mata sun cika mota, kwanuka a kan cinyoyi, ana ta kiran a yi sauri kada a rasa raɗin suna. Na shiga, hannuna ya yi abin da ya saba yi shekara tara. Na ja baya, tayar ta sauka daga dakalin ƙofar gida. Ɗif.

Likita tana tsaye a bakin ƙofa da jakarta. Ta zagayo, ta leƙo ta taga, ta ga damin yana lilo.

"Baba."

"Mantuwa ce."

"Na sani. Gobe ma za ka manta, a gangara." Ta miƙo hannu. "Zaɓi ɗaya. Ko damin nan ya koma hannun Inna daga yau, na motar a sa masa igiya ka rataya a wuya, ko ka sauko maigidana ya tuƙa. Ga shi can a tsaye."

Yana tsaye kuwa, yana duban ƙasa kamar ba ya ji, alhali har ya naɗe hannun riga.

Na dubi bolan. Na dubi zoben mahaifina. Mata goma sha ɗaya suna kallona ta baya. Na ce wannan zalunci ne, na ce a garin nan ba a taɓa yin maigidan da ke roƙon makullin sitonsa a hannun mace ba, na ce da mahaifina yana da rai da ba a yi haka ba. Ina faɗa ina zare makullin motar, don na riga na san wanda zan zaɓa. Wata ƙanwar Hajiya ta ciro igiya daga bakin jakarta, aka zura, aka rataya mini kamar ɗan akuyar da za a kai kasuwa.

Amma ban yarda in miƙa zoben haka kawai ba. Na sauko, na sa Hajiya ta sauko, na tsaya a gabanta na gyara murya. Na ce wannan amana ce ta kaka da kakanni. Na fara nuna mata ɗaya bayan ɗaya: wannan na zaure, sai an ɗan ɗaga ƙofar. Wannan na akwati, ba a buɗe shi sai ina nan. Da na zo kan na sito, na ɗaga shi sama don kowa ya gani. Na ce shekara arba'in ni nake buɗe siton nan kowace safiya da hannuna, shi ya sa gidan nan bai taɓa kwana da yunwa ba. Na ce ta kula, hagu ake murɗawa, sau biyu, a hankali, kuma kada ta ba kowa.

Hajiya ta karɓi zoben, ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta gyara ɗaurin da ya rufe ƙullutun goshinta.

"Alhaji, kwaɗon siton nan ya fi shekara goma da lalacewa, ja kawai muke yi ya buɗe. Mun bar ka ne kana murɗawa don ka samu abin yi da safe. Shiga ka ja mota, rana tana yi."